Ƙwaya Biyu a Kati Ɗaya: Yadda Aka Yaudari Na'urorin Karanta Kati a Beljiyam a 2011

A watan Mayun 2011, ƙungiyar da ke kula da tsarin katunan banki a Faransa, GIE Cartes Bancaires, ta hango wani abu da bisa ƙa'ida bai kamata ya yiwu ba. Katuna wajen goma sha biyu da aka sace a Faransa 'yan watanni kafin nan sun ɓulla a Beljiyam, ana ta cin kasuwa da su. Ba katunan gogawa ba ne, waɗanda an daɗe da sanin ana kwafar su cikin sauƙi. Katuna ne masu ƙwayar lantarki, irin waɗanda ake turawa cikin na'ura, a danna lambar sirri, sannan ciniki ya faɗa. Ɓarayin ba su da lambobin. Duk da haka na'ura tana karɓa, ta buga rasit, mai kanti ya miƙa kaya.

'Yan sanda sun bi ta hanyar wayoyin hannu. Kowane ciniki da kati yana barin wuri da lokaci a rubuce, don haka suka nemi bayanan layukan wayar da suka kasance kusa da waɗannan kantuna a daidai waɗannan lokuta, suka tankaɗe suka rairaye har layukan da ke maimaituwa suka fito fili. Dubun wata mace mai shekara 25 ce ta fara cika. An kama ta ɗauke da tarin kwalayen sigari da katunan caca na kankarewa, kayan da gungun ke saye da katunan sata su sayar a kasuwar bayan fage. Daga baya aka cafke wasu huɗu, har da injiniyan da ya haɗa katunan, aka kuma ƙwace katunan sata kimanin 25. Da aka zauna lissafi, sai ga katuna wajen 40 da aka yi wa gyara, ciniki kimanin 7,000, asara kuma ba ta kai Yuro 600,000 ba.

Idan ka raba kuɗin da yawan cinikin, matsakaicin kuɗin sayayya bai wuce Yuro 85 da 'yan kai ba. Wannan yana da dalili. Katin da aka kai rahoton sacewarsa ba ya wucewa muddin na'ura ta tuntuɓi banki. Saboda haka irin wannan zamba tana rayuwa ne a wurare biyu kacal: ɗan lokacin da ke tsakanin sata da kai rahoto, da kuma ƙananan sayayya waɗanda aka yarje wa na'ura ta amince da su ita kaɗai ba tare da ta kira banki ba. Sigari da katin caca sun dace da wannan sarai: kuɗinsu kaɗan, sayar da su ba wuya.

Tambayar da ta rage ita ce yadda na'ura ta yarda cewa an danna lambar sirri daidai alhali ba a danna ba. Ba za a gane amsar ba sai an san abin da ke gudana a 'yan daƙiƙun da kati ke cikin na'ura.

Abin da ke faruwa a cikin tsagar na'ura

Baƙin layin da ke bayan kati ƙurar maganaɗisu ce aka shimfiɗa, aka jera ta ɓangare-ɓangare, wannan yana fuskantar nan, na gaba yana fuskantar can. Idan aka ja katin, wani ɗan kai mai naɗin waya a cikin na'urar yana jin duk inda fuskar ta juya, ya ba da ɗan bugun lantarki. Daga tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ake fitar da sifili da ɗaya. Sahun farko na layin yana ɗaukar haruffa har 79, da sunan mai kati a ciki. Sahu na biyu, wanda aka fi dogara da shi wajen biyan kuɗi, lambobi 40 ne kawai: lambar kati, watan ƙarewa, da wasu 'yan lambobi na banki. Abin da ke rubuce yau shi ne gobe. Layin bai san wanda ke karanta shi ba, kuma ba ya iya ƙin kowa, shi ya sa wanda ya samu ya ja shi sau ɗaya ta na'urarsa ya kwashe komai.

Ƙwayar lantarki aka kawo don toshe wannan ƙofa. Bafaranshe Roland Moreno ya yi rajistar ƙirƙirarsa ta kati mai ƙwaya a 1974, kuma zuwa 1992 katunan bankunan Faransa sun koma masu ƙwaya. A shekarun 1990 kamfanonin Europay da Mastercard da Visa suka tsara ƙa'ida guda da kowane kati da kowace na'ura za su bi, wadda ake kira EMV daga harufan farko na sunayensu. Ita ce har yau ke aiki a kusan ko'ina.

Ɗan farantin nan mai ruwan zinare da ake gani a fuskar kati ba shi ne ƙwayar ba, wurin haɗuwa ne kawai. Ƙwayar tana ƙarƙashinsa, kwamfuta ce 'yar mitsitsiya mai ma'ajiyarta da sashen lissafinta, sai dai ba ta da batir. Farantin an raba shi gida shida ko takwas, amma biyar ne ke aiki: biyu na kai wuta da dawo da ita, ɗaya na bugun agogon da ƙwayar ke bi wajen lissafi, ɗaya na farkar da ita, ɗaya kuma na magana. A riƙe wannan na ƙarshe da kyau. Duk abin da na'ura za ta faɗa wa kati, da duk abin da kati zai mayar, ta waya ɗaya tak yake bi.

Da an tura kati, allurorin na'ura su taɓa farantin, ta ba shi wuta, ta kunna masa agogo, ta farkar da shi. Kati ya amsa da wasu 'yan lambobi da ke bayyana irin saurin da zai iya magana da shi da salon da yake bi. Daga nan sai tambaya da amsa. Na'ura ce ke tambaya, kati ba ya fara magana. Za ta nemi sanin tsarin da ke cikinsa, na Visa ne ko na Mastercard ko na wata ƙungiya, ta zaɓi wanda ta sani, ta ce ya miƙo lambarsa da ranar ƙarewarsa da takardun shaidarsa. Kowace amsa ta kati tana ƙarewa da wata 'yar alama mai gurbi huɗu da ke nuna yadda umarnin ya kasance. Idan komai ya tafi daidai, alamar ita ce 9000.

Cinikin kansa mataki uku ne, kuma kowanne yana amsa tambaya daban.

Na farko: katin nan na gaske ne? A katunan da suka fi inganci, na'ura tana ƙirƙiro wata lamba nan take ta miƙa wa kati, shi kuma ya buga mata hatimin lissafi da wani mabuɗin sirri da ke binne a cikin ƙwayar, wanda ba ya fita waje ko kaɗan. Na'ura tana da hanyar gane hatimin gaskiya ba tare da ta san mabuɗin ba. Tunda lambar sabuwa ce kowane lokaci, hatimin jiya ba ya amfani yau. A nan ne ƙwaya ta yi wa layin maganaɗisu fintinkau.

Na biyu: wanda ke riƙe da katin shi ne mai shi? Kati yana ɗauke da jerin hanyoyin da ya yarda a tantance mai shi, kuma na'ura tana bin jerin ta ɗauki wadda za ta iya. Akwai sa hannu a takarda. Akwai inda ba a tambayar komai. Akwai lambar sirrin da ake lulluɓewa a aika banki ya duba, kamar yadda injin ATM ke yi. Akwai kuma wadda katin kansa ke dubawa, kuma ita ce aka fi amfani da ita a kantunan Faransa da Birtaniya. A wannan hanya na'ura tana miƙa wa kati lambar da aka danna, kati ya gwada ta da wadda ke ajiye a cikinsa. Idan ta yi daidai ya ce 9000. Idan ba ta yi ba ya ce 63C2, wato saura gwaji biyu, sai 63C1, kuma galibi bayan kuskure uku ya kulle kansa.

Na uku: a amince da wannan ciniki? Na'ura tana tattara adadin kuɗi, nau'in kuɗin, kwanan wata, wata sabuwar lamba da ta ƙirƙiro, da taƙaitaccen rahoton binciken da ta yi, ta miƙa wa kati. Kati ya buga musu wani hatimi da mabuɗin da shi da bankinsa kaɗai suka sani, ya ce ko dai ya amince a nan take, ko a tambayi banki, ko ya ƙi.

Mataki na farko yana da hatimi. Na uku yana da hatimi. Na biyu ba shi da komai. Amsar 9000 da kati ke bayarwa kan lambar sirri tsirara take tafiya a kan wayar nan guda ɗaya, daidai da 9000 ɗin da ke biyo bayan kowane umarni, babu wata shaida a jikinta da ke nuna daga ƙwayar gaskiya ta fito. Duk wanda ya iya zama a tsakiyar wayar zai iya faɗin ta.

Abin da ya ƙara buɗe ƙofar shi ne yadda kowane ɓangare ke rubuta labarinsa. Rahoton da na'ura ke miƙa wa kati a mataki na uku gurabe 40 ne na eh ko a'a, kuma matsala kawai yake rubutawa: an kasa tantance mai kati, kati ya ƙare, lambar sirri ta kulle, da makamantansu. Idan lambar sirri ta yi daidai, gurbin ya zauna fayau. Idan ba a ma tambaye ta ba saboda an bi hanyar sa hannu, nan ma fayau. Rahoton bai bambanta su ba. Shi kuwa kati yana rubuta nasa bayanin, har da ko an gwada lambar sirri a kansa, amma a wani sashe da aka tsara domin banki, wanda na'urar kanti ba a koya mata fassara shi ba. Abin ya zama kamar ɗan aiken da aka tura ya tambayo maigida ko ya yarda, ya tsaya a zaure, ya juyo ya ce ya yarda. Wanda ya aike shi ya tafi da amincewa, maigida kuwa bai ma san an tambaye shi ba.

Kambirij, 2010

Ba ɓarayin Faransa ne suka fara bayyana wannan gibi ba. A watan Fabrairun 2010 masu bincike huɗu na Jami'ar Kambirij a Ingila, Steven Murdoch da Saar Drimer da Ross Anderson da Mike Bond, suka wallafa shi, suka kuma gwada shi a gaban kyamarar shirin Newsnight na BBC. Kayan aikinsu a lokacin ba ƙanana ba ne. Katin gaske yana cikin wata na'urar karatu a jakar goyo, haɗe da kwamfuta da wani allon lantarki. Daga jakar waya ta bi ta hannun riga zuwa wani katin bogi, shi ake turawa cikin na'urar kanti. Duk tambayar da na'ura ta yi, a miƙa ta ga katin gaske, a dawo da amsarsa yadda take. Tambaya ɗaya ce ba a miƙawa, ta lambar sirri. Ita kwamfutar ce ke amsa ta da 9000. Aka danna 0000, ciniki ya faɗa, rasit ya fito yana cewa an tantance da lambar sirri.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne dabarar ta yi aiki har a cinikin da na'ura ta tuntuɓi banki. Bankin ya samu hatimin gaskiya daga ƙwayar gaskiya, ya ga rahoton na'ura babu matsala, ya amince. Bayanin da zai tona asirin yana cikin saƙon da ya iso masa, amma ba a tsara kwamfutocinsa su jera maganar kati da maganar na'ura su ga ko sun yi daidai ba. A injin ATM kuwa dabarar ba ta aiki, domin a can banki ne ke duba lambar, ba kati ba.

Ƙungiyar masu katunan banki ta Birtaniya ta rage wa lamarin nauyi, tana nuna cewa hanyar tana da wahala kuma ba a ga ana amfani da ita ba. Masu binciken sun riga sun rubuta cewa ƙanƙanta kayan aikin ba abu ne da zai gagari gungun ɓarayi ba. A watan Disamban 2010 ƙungiyar ta rubuta wa jami'ar tana neman a sauke daga intanet kundin digiri na biyu na wani ɗalibi, Omar Choudary, wanda ya ƙera wata ƙaramar na'ura mai sauraron zance tsakanin kati da na'urar kanti. Ross Anderson ya mayar da martani cewa jami'a ba za ta ɓoye binciken ɗalibinta don kawai ya ɓata wa masu ƙarfi rai ba. Watanni biyar bayan wannan wasiƙa, katunan Beljiyam suka bayyana.

Ana iya cewa wallafawar ce ta koya wa ɓarayi, kuma wannan magana ba ta wofi ba ce, ta cancanci amsa. Ƙa'idojin EMV a buɗe suke ga duk mai son karantawa, kuma gibin a cikin ƙa'idar yake tun ranar da aka rubuta ta. Duk injiniyan da ya zauna da na'urar sauraro ya bi zancen kati da na'ura layi-layi zai ga cewa amsar lambar sirri ba ta da hatimi. Masu binciken sun sanar da bankuna kafin su fito fili. Ni a ganina, ƙarfin da aka kashe wajen neman a sauke kundin ɗalibi da an kashe shi wajen sa kwamfutocin banki su gwada rahotanni biyun nan, da ya fi amfani ga masu kati nesa ba kusa ba.

Abin da aka gani a cikin katin

Cikakken bayanin katunan da aka ƙwace bai fito ba sai 2015, lokacin da masana huɗu na Faransa, Houda Ferradi da Rémi Géraud da David Naccache da Assia Tria, suka wallafa binciken da aka yi a kansu. Sun bayyana shi a matsayin zambar katin ƙwaya mafi ƙwarewa da suka taɓa gani zuwa lokacin.

Da ido, katin bai da wani abin a zo a gani. Wurin ƙwayar ya ɗan yi tudu, har shigarsa na'ura tana ɗan yin tauri, amma yana shiga. A jikin farantin an zana harufan FUN. Wannan suna sananne ne ga masu wasa da kayan lantarki: kati ne mai ƙwayar kamfanin Atmel da ake sayarwa a fili, kowa na iya rubuta masa umarnin da yake so, kuma masu satar kallon tashoshin tauraron ɗan adam sun daɗe suna amfani da shi. Robar katin kuma ta wani katin sata ce daban, don haka lambar da ke rubuce a fuska ba ita ce ke cikin ƙwaya ba. Na'ura ba ta ganin fuskar kati, mai kanti kuma ba ya ganin cikin ƙwaya.

Hoton eksire ne ya nuna sauran. A ƙarƙashin farantin FUN akwai ƙwaya ta biyu, wadda aka ciro daga katin gaske da aka sace, an liƙa ta da 'yan siraran wayoyi. Wayar maganarta ba ta isa ga na'urar kanti, a jikin ƙwayar FUN ta tsaya. Jakar goyo, kwamfuta, allon lantarki da wayar hannun riga, duk an matse su cikin kaurin da bai fi na kati da yawa ba, kuma kati kaurinsa milimita 0.76 ne.

Hanyar da suka tabbatar da aikin kowace ƙwaya ita ce ta fi burge ni a binciken gaba ɗaya. Ƙwaya tana jan wuta gwargwadon aikin da take yi, saboda haka idan aka auna wutar da kati ke sha daƙiƙa bayan daƙiƙa, ana ganin lokacin da yake karɓar saƙo da lokacin da yake aikawa. A umarni na yau da kullum, zanen wutar ya nuna zancen yana maimaituwa: ƙwayar FUN ta karɓi tambaya daga na'ura, ta sake faɗa wa ƙwayar sata, ta karɓi amsa, ta sake faɗa wa na'ura. Da aka zo umarnin lambar sirri, maimaicin ya ɓace. FUN ta karɓa ta amsa da kanta, ƙwayar sata ba ta ji komai ba. Ma'aunin kuskurenta bai motsa ba, don haka ba za ta taɓa kulle kanta ba ko da lamba nawa aka danna.

Na'urorin kantunan Beljiyam ba su lalace ba, ba a kuma taɓa su ba. Sun bi ƙa'ida daga farko har ƙarshe. Hatimin mataki na farko na gaske ne, na mataki na uku ma na gaske ne, domin ƙwayar gaskiya ce ta buga su.

Wa ke ɗaukar asarar

A nan ne lamarin ya daina zama na injiniyoyi kaɗai. Lokacin da aka koma tsarin ƙwaya da lambar sirri, wanda a Birtaniya ya zama dole daga 14 ga Fabrairun 2006, an sauya har da yadda ake raba laifi. Da can idan ɓarawo ya kwaikwayi sa hannu, ana iya ɗauko takardar a nuna cewa ba hannun mai kati ba ne. Yanzu kuwa idan bayanan banki suka nuna an danna lamba daidai, sai a ce wa mai kati ko dai kai ka yi cinikin, ko ka yi sakaci da lambarka, ka rubuta ta a wani wuri ko ka faɗa wa wani. Masu binciken Kambirij sun daɗe suna karɓar koke daga mutanen da aka hana su kuɗinsu da wannan hujja. Mutum yana rantsuwa bai taɓa faɗa wa kowa lambarsa ba, ana nuna masa rasit.

Lamarin 2011 ya nuna cewa rasit ɗin yana iya faɗin abin da bai faru ba, ba tare da na'ura ta yi kuskure ko mai kati ya yi sakaci ba. Na'ura abin da aka faɗa mata ta rubuta. Dokar Tarayyar Turai kan ayyukan biyan kuɗi ta 2007 ta riga ta tanadi cewa idan mai kati ya musanta ciniki, bankin ne zai kawo hujja, kuma ganin an yi amfani da katin a rubuce ba lallai ne ya wadatar wajen tabbatar da cewa mai shi ya amince ko ya yi mummunan sakaci ba. Tanadi ne mai kyau. Amma mutumin da ke gaban teburin banki ba shi da hanyar sanin cewa akwai bayani na biyu a cikin saƙon cinikin, balle ya nemi a duba shi, kuma wanda ke riƙe da bayanin shi ne wanda zai biya idan aka duba.

Gyaran bai buƙaci sabuwar fasaha ba. Abu na farko shi ne a sa na'ura ta faɗa wa kati a mataki na uku ainihin hanyar da ta bi wajen tantance mai shi da sakamakon da ta samu. Idan ta ce an danna lamba kuma ta yi daidai, alhali kati ya san ba a tambaye shi ba, sai ya ƙi cinikin ko ya tura shi banki. Amma mai zama a tsakiya zai iya sauya wannan bayani a hanya. Shi ya sa abu na biyu, tsarin da ake kira CDA, yake da muhimmanci: kati yana buga hatimin da na'ura za ta iya dubawa a kan bayanan cinikin gaba ɗaya, yadda shi ya karɓe su. Idan an taɓa ko gurbi ɗaya a hanya, abin da na'ura ta aika da abin da kati ya hatimce ba za su zo ɗaya ba. Na uku shi ne banki ya riƙa gwada maganar kati da ta na'ura a duk cinikin da ya iso masa. Masanan Faransa sun ce a lokacin da suka wallafa bincikensu an riga an toshe hanyar da CDA da kuma matakan da aka ɗauka a cibiyoyin sadarwar bankuna. Jinkirin da ake samu a irin wannan gyara daga yawa yake zuwa, domin katunan da ke aljihun mutane sai sun ƙare ake sauya su, na'urori kuma suna warwatse a hannun 'yan kasuwa.

Irin wannan gibi ya sake bayyana da wata fuskar. Katin da ake ɗorawa a kan na'ura ba tare da turawa ba yana da naɗin waya a cikin robarsa, wanda ke ɗaukar wuta daga igiyar rediyo mai megahaz 13.56 da na'ura ke fitarwa, kuma ta wannan igiyar ake tambaya da amsa a tazarar 'yan santimita. A 2020 masu bincike uku na jami'ar ETH Zurich a Suwizalan, David Basin da Ralf Sasse da Jorge Toro-Pozo, suka nuna cewa a katunan Visa na ɗorawa akwai wani ɗan bayani da kati ke aika wa na'ura kan ko ana buƙatar lambar sirri, shi ma ba shi da hatimi. Da wayoyin Android biyu, ɗaya kusa da kati ɗaya kusa da na'ura, suka sauya shi ya ce an riga an tantance mai kati a wayarsa, suka yi sayayyar da ta haura iyakar da ake tambayar lamba. Wannan karon ko gyara ba a yi wa katin ba.

Ga wanda ke binciken cinikin da mai kati ya musanta, ko ma'aikacin banki ne ko lauya ko alƙali, rasit da layin da ke cewa an tantance da lambar sirri maganar na'ura ce kawai. Akwai abubuwa uku da suka kamata a nema daga banki. Na farko hatimin cinikin, tare da shaidar cewa an duba shi da mabuɗin wannan katin ya kuma yi daidai. Na biyu bayanin da katin ya rubuta da kansa kan ko an gwada lambar sirri a jikinsa, a jera shi da abin da na'ura ta rubuta. Na uku lambar ƙidayar ciniki, wadda ƙwaya ke ƙara wa ɗaya duk lokacin da aka fara ciniki da ita. Idan katin yana hannun mai shi, ana iya karanta ƙidayar da ke cikinsa a gwada ta da jerin da ke wajen banki, a ga ko cinikin da ake gardama a kansa ya samu gurbi a jerin ko bai samu ba.